Baba mai firji da rigimar kashi 15

Ranar shida ga azumin 2025, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na asuba, ina tsaye a kicin ina ɗumama sauran miyar kukar da muka yi buɗa-baki da ita, wayata ta ɗauki ƙara. Na ɗauka Umma ce, don har yau ba ta yarda cewa hantsin Katsina duhun asubarmu ne a nan tsakiyar Amurka ba. Da na ɗaga sai na ji muryar na'ura, ba sallama ba gaisuwa: firji mai lamba 4 a hawa na uku ya hau zuwa maki 64 ƙasa da sifili, danna ɗaya in kin ji. Na danna. Na kashe murhu, na zura rigar sanyi a kan kayan barci, na ce wa maigida ya ci nasa kada ya jira ni.

Jinin yara masu cutar sikila ne a cikin firjin nan, kwalabe ƙanana kamar ɗan yatsa, wajen 3,000, waɗanda abokan aikinmu a wani asibitin koyarwa a arewacin Najeriya suka shekara huɗu suna tarawa. Kowace kwalba, wata uwa ce ta goyo ɗanta ta shiga motar haya daga ƙauye, ta zauna a benci tun safe, ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Daga can aka jera su cikin busasshiyar ƙanƙara, aka yi ta fama da takardun fito da kamfanin jirgi har suka iso. Firjin yana riƙe su a maki 80 ƙasa da sifili, shi ya sa a ɗakin gwajinmu ba mai ce masa firji, "tamanin" kawai muke cewa. In ya hau ya daɗe a sama, sinadaran da muke aunawa a ruwan jinin sai su fara lalacewa, kuma ba yadda za a yi a koma a ce wa uwa ta sake kawo yaron yadda yake shekara huɗu da suka wuce. Wasu daga cikin yaran ma Allah ya yi musu rasuwa.

Minti ashirin na yi a hanya, dusar ƙanƙara tana zuba jefi-jefi. Ina fitowa daga lif na iske mutumin ya riga ni. Dattijo ne fari, ya haura sittin, da hular ulu da tocila a baki, ya jingina kunne a jikin firjin kamar ungozoma. A gidanmu Baba mai firji muke ce masa, har yarona ya ɗauka sunansa ke nan. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Kada ki buɗe ƙofar." Hannuna kuwa yana kan mariƙin. Ya ce kwamfireso na biyu ne ya mutu. Irin waɗannan firji kwamfireso biyu gare su, ɗaya yana sanyaya ɗaya, in na biyun ya tafi sai sanyin ya riƙa zarewa a hankali, kuma duk buɗe ƙofa ɗaya asarar makin da ba za a mayar ba ce. Ya sauka ƙasa ya turo amalanke ɗauke da akwatuna biyu cike da busasshiyar ƙanƙara. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin akwai firji uku da ke kunne dare da rana babu komai a cikinsu, don irin wannan dare kaɗai ake biyan wutarsu. Muka sa safar hannu masu kauri, shi yana zaro jere ɗaya yana jefawa a akwati, ni ina rubuta wane jere ya koma wane ɗaki. Sawu uku muka yi. Da muka rufe ƙofar firjin aro ya nuna mini a allon wayarsa iyakar inda sanyin ya hau: 58. Ko kwalba ɗaya ba ta narke ba.

Saura minti goma alfijir ya keto, ga shi doka ta hana ci da sha a ɗakin gwaji. Na fita baranda na laluba aljihun rigar sanyi na samu dabino uku da suka kwana biyu a ciki, na kora da ruwan famfon bango. Sahur ɗina ke nan ranar. Can wajen shida ya buɗe fulas ɗinsa na kofi ya miƙo mini murfin, na ce ina azumi. Ya mayar ya rufe, shi ma bai sha ba sai da na bar wurin.

Sashen da Baba yake yi wa aiki, sashen kula da kayan sanyi na makarantar likitancinmu, shi nake son in yi wa sharhi, shekara uku ke nan ina cin moriyarsa. Abin da suke yi a taƙaice: suna sa wa kowane firji ɗan ma'auni da ke aika labarin sanyi duk bayan 'yan mintoci, in ya wuce iyaka na'ura ta kira mutum na farko a jerin sunayen da ke liƙe a ƙofar, in bai amsa ba ta kira na biyu, ta kuma kira ma'aikacinsu mai jiran dare a lokaci guda. Firjin duka a jajayen soket suke, waɗanda ke haɗe da janaretan gini. Suna zuwa su share matacin ƙura, su duba robar bakin ƙofa, su kankare ƙanƙarar da ta taru. Ga firjin aro, ga busasshiyar ƙanƙara duk lokacin da aka nema. Ba wani abin burgewa a ciki, sai ka ji labarin inda aka yi sake. A jami'ar Rensselaer da ke jihar New York, a 2020, wani mai shara ya gaji da ƙarar wani firji ya je ya taɓa makunnin layin wutarsa, aikin sama da shekara 20 ya lalace, har jami'ar ta kai kamfanin sharar kotu a 2023 tana neman diyyar sama da dala miliyan ɗaya. In da taurari ake rabawa kamar na gidan abinci, huɗu zan ba sashen nan cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe ba Baba ne ya jawo ba.

Abin da ya sa sharhin ke da wuyar rubutawa, har zuwa watan Yuli ban taɓa ganin rasit ɗin hidimar nan ba. Ban san farashinta ba, balle in ce ta yi tsada ko araha. Kuɗinta yana fitowa ne daga abin da zan kira kuɗin ɗawainiya. In hukumar NIH, babbar hukumar gwamnati mai ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka, ta ba Farfesarmu tallafi, kashi biyu kuɗin yake zuwa. Akwai na aiki kai-tsaye: albashina, sinadarai, kwalabe, jigilar jini. Sai kuma a ɗora wani kaso a kai a miƙa wa jami'a saboda gini, wuta, ruwa, ɗumama ɗakuna, kwashe shara mai guba, laburare, kwamitin da ke duba ko an mutunta haƙƙin yaran da aka ɗebi jininsu, akantoci, da su Baba. Kowace jami'a da nata kason, wanda take zama ta yi ciniki a kai da gwamnati duk bayan 'yan shekaru, yawanci da ma'aikatar lafiya, wasu kuma da ofishin bincike na sojan ruwa. Namu ya ɗan haura kashi 50.

Da na yi wa Umma bayani a waya, ta fi wasu 'yan jarida saurin ganewa. Ta ce, "To ai girkin biki ne. Kuɗin shinkafa da nama daban. Itace fa, da ruwa, da hayar tukwane, da mai wanke-wanke?" Na ce haka ne, Umma. Ta ce, "To faɗan me suke yi?" Na ce mai bikin ne ya ce masu girki suna ha'intarsa. Ta ce, "Suna ha'intar tasa?" Na yi shiru har ta ɗauka layi ne ya yanke.

Faɗan ya soma ne da yammacin Juma'a 7 ga Fabrairun 2025. NIH ta fitar da sanarwa cewa daga Litinin 10 ga wata, kowace jami'a kashi 15 za ta samu, har a kan tallafin da aka riga aka fara kashewa. Hujjarta: cikin dala biliyan 35 da ta raba a 2023, biliyan 9 ɗawainiya ce ta cinye, kuma sabon tsarin zai rage sama da biliyan 4 a shekara. Ta nuna Harvard mai kashi 69, da Yale mai 67.5, da Johns Hopkins mai 63.7, dukansu masu asusun ajiya na biliyoyin daloli, ta ce ga shi gidauniyoyi irin ta Gates kashi 10 suke ba jami'o'in nan kuma suna karɓa hannu bibbiyu. A ranar Asabar ɗin wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta turo mini saƙo: ashe kashi 69 na kuɗin binciken cutar kansa a ofis yake ƙarewa? Ba haka lissafin yake ba. A kan kuɗin aiki ake ɗora kason, daga baya. In aiki dala 100 ne, kaso kuma 55, gwamnati za ta biya 155, wato ɗawainiya ta ci kusan kashi 35 na jimla. Ba a kuma ɗora shi a kan komai: manyan na'urori da kuɗin makarantar ɗalibai da mafi yawan abin da ake tura wa abokan aiki a wata cibiya duk ana cire su kafin a yi lissafi. Shi ya sa biliyan 9 cikin 35 ta tsaya wajen kashi 26. Batun gidauniyoyi kuwa, da yawansu suna yarda a rubuta wasu abubuwan ɗawainiya cikin kuɗin aiki, abin da gwamnati ba ta yarda da shi ba, sannan baƙunta suke zuwa ci a ɗakin da kuɗin gwamnati ya riga ya gina ya sa wa wuta.

Litinin ɗin da dokar za ta fara aiki, jihohi 22 suka shigar da ƙara a Boston, ƙungiyoyin jami'o'i da na makarantun likitanci suka bi baya da nasu. Mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da ita a ranar. Ranar 5 ga Maris ta tsawaita dakatarwar, wato jajiberin daren da firjinmu ya mutu, ranar 4 ga Afrilu kuma ta mai da ita ta dindindin, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Babban abin da ya tsaya wa jami'o'in shi ne, tun bayan da gwamnatin Trump ta farko ta nemi mai da kason 10 a 2017, majalisa ta riƙa sa sharaɗi a dokar kasafin kowace shekara cewa NIH ba ta da ikon taɓa tsarin. Ma'aikatar makamashi ta gwada nata kashi 15 ɗin a Afrilu, hukumar kimiyya ta NSF a Mayu, ma'aikatar tsaro ta biyo baya, kotuna suka tare su ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu zai ce to ai shi ke nan, ba a rage ko sisi ba. A takarda haka ne. Amma wanda maciji ya taɓa wucewa ta gabansa, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Jami'o'in MIT da Stanford da Harvard duk sun dakatar da ɗaukar ma'aikata cikin makonnin nan, tamu ma ta bi sahu. Sashen su Baba mutum shida ne. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya samu aiki a kamfanin gyaran na'urorin sanyi na manyan kantuna inda albashi ya fi tsoka, ba a maye gurbin ko ɗaya ba. Da can mutum biyu ke jiran dare, yanzu ɗaya ne ga gine-gine biyar. Duba firji da ake yi sau biyu a shekara ya koma sau ɗaya. A watan Yuni, lokacin zafi, firjin maƙwabtanmu ya yi ƙara daidai lokacin da mai jiran daren yake can wani gini yana fama da wani, sai da aka yi awa biyu da rabi kafin ya iso. Ɗalibai biyu ne suka kwashe kayan da kansu, ɗaya ta ƙona yatsu da busasshiyar ƙanƙara don ba ta san inda ake ajiye safar hannu ba.

Yanzu ga tauraron da na riƙe. Ƙaramin laifi tukuna: ƙaryar ƙararrawa. A hunturu guda na'urar ta kira ni sau 11 cikin dare, 9 daga ciki firji lafiyarsa lau, intanet ɗin ginin ne ya yanke na ɗan lokaci. Tun shekarata ta farko ake cewa za a gyara. Illar abin ba barcin da na rasa ba ne kawai, akwai ɗalibin digiri na uku a ɗakinmu da ya saba danna ɗaya ya juya ya ci gaba da barci, kuma da shi ne a saman jeri a daren azumin nan da labarin ya bambanta. Sai takarda. Muna so a matsar da firji taku uku don ya daina tare hanyar fita, aka ce a cike fom a kwamfuta, sa hannun mutum uku, mako biyar. A ƙarshe Baba ne ya zo wucewa ya ga fom ɗin liƙe, ya kira wani suka tura shi cikin minti biyar, sa hannu na uku ya iso bayan kwana tara. Ma'aikatan da ke riƙe da sukurdireba ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Ofishin da ke samansu kuwa, in ka aika saƙo da rana, ka yi sa'a in ka ji amsa a makon.

Babban laifin shi ne tambayar Umma. A wani taron da shugabannin makaranta suka kira don su kwantar mana da hankali, na ɗaga hannu na ce: tallafin ɗakinmu yana kawo wa jami'a kuɗin ɗawainiya kaza a shekara, nawa ne daga ciki yake isa sashen kayan sanyi? Mataimakin shugaba mai kula da kuɗi ya haska wata da'ira a bango an yayyanka ta kamar kankana, ya ce kuɗin biyan abin da jami'a ta riga ta kashe ne, don haka babban asusu yake shiga, ba a bin sawunsa zuwa wani sashe. A doka gaskiyarsa ce. Amma ni da nake tsaye da safar hannu ƙarfe huɗu na asuba, ban ji daɗin amsar ba. Cikin shekara ukun nan na ga an buɗe sabon gini mai bangon gilashi da zaure kamar na otal, na ga an ƙirƙiro muƙaman mataimaka da ban san aikinsu ba, firjin aro uku kuwa har yanzu uku ne, ɗaya ma ya girmi wasu ɗalibanmu. Kuma tsarin kansa yana da wata kafa: kuɗin ruwa na bashin sabon ginin bincike da raguwar darajarsa suna shiga lissafin kason, don haka jami'ar da ta yi gini mai tsada tana iya komawa teburin ciniki ta nemi ƙari.

Zargin ba yau ya fara ba. A 1991 kwamitin ɗan majalisa John Dingell ya tono cewa Stanford ta sa raguwar darajar wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Victoria, da furanni da kayan ƙawa na gidan shugabanta, cikin lissafin kuɗin ɗawainiya. Shugaban, Donald Kennedy, ya sanar da murabus a shekarar. Daga baya an sasanta a 1994, jami'ar ta biya dala miliyan 1.2, ba a kuma same ta da zamba ba, amma tabon ya zauna. Tun 1991 ɗin gwamnati ta kafe ɓangaren gudanarwa na kason a kan kashi 26, ba ya wucewa komai yawan dokokin da aka ƙaro wa jami'o'i bayan nan, kuma an ƙaro da yawa. Ke nan duk abin da ya haura 26 a kason jami'armu na gini ne da wuta da gyara, wato ɓangaren su Baba. Ni ba na cikin masu rantsuwa cewa kowace dala tana tafiya inda ya dace. A aiko masu binciken kuɗi su buɗe littattafai, a tilasta wa jami'o'i su nuna wa kowane ɗakin gwaji abin da kuɗinsa ya saya, ni ce ta farko da za ta yi tafi. Amma a tashi ranar Juma'a da yamma a ce kowa 15, da jami'a mai asusun biliyoyi da tamu da ke jiran kasafin jiha, na riga na ga a kan wa gatarin yake sauka. Ba mataimakin shugaba ko ɗaya da aka sallama a wurinmu. Masu jiran dare ne suka koma ɗaya.

Bayan sallah na kira Malam, wanda ya duba ni a digirina na biyu, shi ne kuma ke jagorantar tara jinin a gida. Bayan gaisuwa da tambayar iyali na zayyana masa damuwarmu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Dakta, ku da ake ba 50 kuna kuka za a mai da ku 15? Mu 8 ake ba mu tun ranar da muka fara." Gaskiya ne, NIH kashi 8 take ba cibiyoyin ƙasashen waje, ba ciniki. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa nake tsoro, na san abin da 8 take saya." Ya ce, "Kin sani kuwa. Kin kwana a gefen firji."

Na kwana. A can babu na'urar da za ta kira ka. Akwai yaron ɗakin gwaji da tabarmarsa, in an ɗauke wuta ya tashi ya ja janareta, in janareta ta ƙi ya buga wa Malam waya, Malam ya fito da motarsa da jarkar man da ya saya da kuɗin aljihunsa. A shekarata ta biyu, hutun babbar sallah, janareta ta tsaya kwana biyu ba wanda ya sani, na dawo na iske aikin wata bakwai ya zama ruwa a ƙasan firji, warin ya kai har baranda. Yanzu sun sa sola da batura da kuɗin wani tallafin, abin ya yi sauƙi. Sai dai tsohon firjin tamanin yana iya shan wuta wajen yunit 20 a rana, kuma da aka kai yunit ɗin layin Band A naira 225 a Afrilun 2024, firji ɗaya ya koma cin naira 4,500 kullum, kafin a zo maganar dizal. Malam dai bai damu da rigimar 15 ba. Abin da ya hana shi barci sanarwar 1 ga Mayu ce, da NIH ta ce ta daina amincewa da tura wa cibiyoyin waje kuɗi ta hannun jami'o'in Amurka har sai ta fito da sabon tsari. Ya ce, "Ku ji da firjinku, mu muna neman abin da za mu sa a namu."

A watan Yuli, farkon sabuwar shekarar kuɗi, rasit ɗin da ban taɓa gani ba ya iso. Wasiƙa ce daga ofishin sashen: daga yanzu kowane firjin tamanin, ɗakin da ya mallake shi zai riƙa biyan dala 600 a shekara na sa ido da dubawa, daga kuɗin aiki. Kason ɗawainiyar jami'a kuwa yana nan yadda yake, kotu ta tsare shi. Farfesa ta karanta ta sau biyu ta ce wato mun biya itace a kuɗin biki, yanzu kuma a kawo na ashana. Ba da waɗannan kalmomi ta faɗa ba, nata ba su rubutuwa. In an tambaye ni ko hidimar ta ci dala 600, ta ci har ta yi rara, sabon firji ɗaya ya haura dala 10,000, abin da ke ciki kuma ba shi da farashi. In an tambaye ni ko ya dace a karɓa sau biyu, har yanzu ina jiran mai kankana ya amsa.

Wasiƙar ta zo da rangwame ga duk wanda ya yarda a mai da firjinsa 70 maimakon 80, abin da ke rage shan wuta da kusan kashi 30 ya kuma sauƙaƙa wa kwamfireso. Baba ya ce shekara goma yana roƙon mutane su yi haka ba mai sauraronsa, ya ce lokacin da ya fara aiki firjin duka a 70 suke kuma ba wanda ya yi kuka. Muka yarda a kan uku. Wanda jinin yaran ke ciki na ce a bar shi a 80, ba don ina da hujjar kimiyya mai ƙarfi ba, zuciyata ce ba ta ba ni ba. Na biyar kuma Farfesa ta ce a kwashe shi a kashe, dala 600 ba wasa ba ce. Kwana biyu muka yi muna tono: akwatunan wani ɗalibi da ya bar ɗakin tun 2009, kwalabe ɗaruruwa da rubutunsu ya goge, wata leda da ba wanda ya yarda ya buɗe. Shekara 16 ana biya wa wannan tarkace wuta daga kuɗin ɗawainiya, kuma mu ne muka ajiye shi, ba ofis ba. Baba yana riƙe da jan bokitin shara mai guba, ni ina zubawa.

Da muka gama ya ciro sabuwar takardar jerin kira ya liƙa a ƙofar firjin jinin. Lambata ce a sama, ta Farfesa a ƙasa, an cire ɗalibin nan mai danna ɗaya. Layin ƙarshe, inda lambarsa ta kai-tsaye take a tsohuwar takarda, an sa lambar ofis. Na tambaye shi dalili, ya ce a Disamba zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaji da matakala. Na ce wa zai karɓe shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya danna gefen takardar da babban yatsa don ta kama sosai, ya tura amalankensa zuwa hawa na huɗu.